Tsakanin Bugu da Bugu: Nasiha ga Matasa 'Yan Golf

Ƙannena masu buga golf, da yawanku da ɗaukar jaka kuka fara. Kun yi shekaru kuna bin bayan manya a filin Kaduna ko na Kano, ko Rayfield a Jos, ko IBB a Abuja, kuna miƙa sanda, kuna tonon ƙwallo a cikin ciyawa, har ido ya koya wa hannu abin da babu wanda ya zaunar da ku ya koya muku. Akwai wanda a cikinku idan ya saki bugu ranar da fili ba kowa, mai jakar da kansa sai ya so a ce shi ne. Don haka ba zan ɓata muku lokaci da maganar riƙon sanda ko yadda ake tsayuwa ba. Maganata a kan ranar gasa take, lokacin da aka kira sunanka a ramin farko, aka miƙo maka kati, ka ji tafin hannunka ya jiƙe alhali kuwa sanyin hunturu ake yi.

Fara da lissafi. Daga ɗaga sanda zuwa sauke ta a kan ƙwallo bai kai daƙiƙa biyu ba. Wanda ya gama ramuka 18 da bugu 72, idan aka tara duka bugun nasa, bai cika minti uku yana aiki da sanda ba. Amma a fili zai shafe awa huɗu ko fiye. Ina sauran lokacin ya tafi? Ya tafi a tafiya, da jiran na gaba su wuce, da kallon abokin karawa, da zance da zuci. Ɗan ƙwallon ƙafa ba ya samun wannan sararin. Ƙwallo ta taho masa a guje, mai tsaron baya na binsa, jiki ya yi abin da ya saba kafin tsoro ya iso. A golf kuwa ƙwallo na zaune tana jiranka. Ba mai ture ka, ba mai ƙwace ta. Duk abin da ya same ta kai ka yi mata, kuma an ba ka minti biyar na tafiya ka yi ta juya abin a ranka kafin ka sake tarar da ita. A cikin wannan tafiyar ake zubar da yawancin gasa, musamman tafiyar da ta biyo bayan kuskure.

Ga misalin da duk mai bin wasan nan ya sani. A 1999, a filin Carnoustie da ke Sikotland, wani Bafaranshe mai suna Jean van de Velde ya iso rami na ƙarshe na gasar Open yana gaba da kowa da bugu uku. Ramin na bugu huɗu ne a ƙa'ida. Ko shida ya yi, kofi nasa ne. Wani rafi da ake kira Barry Burn yana ratsa ramin yana lanƙwasa, shi ne babban haɗarin wurin. Van de Velde ya zaro babbar sanda, ƙwallo ta karkace dama sosai, amma ya yi sa'a ta sauka a busasshen wuri. Maimakon ya ɗan tura ta gaba ya ajiye kafin rafin, sai ya nemi kaiwa dandalin rami kai tsaye. Ƙwallo ta bugi ƙarfen rumfar 'yan kallo, ta yi tsalle ta dawo baya, ta nutse cikin ciyawa mai kai gwiwa. A nan dole a yi masa adalci: wannan rashin sa'a ce zalla, domin da ta faɗa cikin rumfar da an ba shi damar ajiye ta a wani wuri ba tare da hukunci ba. A ganina bugu na uku ne ya kashe shi. Har a lokacin yana da bugu huɗu a hannu. Da ya fitar da ita gefe zuwa inda ciyawa take a kwance, da sauran numfashi. Sai ya sake nufar gaba, daga cikin wannan duhuwar, ya jefa ta cikin rafin.

Abin da ya biyo baya shi ne hoton da ya zagaya duniya. Ya zauna ya cire takalma da safa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya sauka cikin ruwan, ya tsaya riƙe da sanda yana kallon ƙwallon da ke ƙara nutsewa, jama'a na ta ihu. Daga baya ya haƙura ya ɗauko ta, ya karɓi bugun hukunci. Na biyar ya faɗa cikin yashi, na shida ya fito, na bakwai ya shiga rami. Aka tafi bugun raba gardama shi da Justin Leonard da Paul Lawrie, kuma Lawrie, wanda ya wayi gari ran nan yana baya da bugu goma, shi ya tafi da kofin.

Ku lura, hannun Van de Velde bai mutu ba. Bugunsa na bakwai, daga tazarar kusan mita biyu, da duk abin da ke kansa a lokacin, ya jefa shi tsakiyar rami. Abin da ya lalace shi ne zaɓi. Bayan kowane kuskure yana son ya rama nan take, ya mayar da abin da ya zube da bugu ɗaya. Garin neman gira aka rasa ido.

Haka ta faru da Jordan Spieth a gasar Masters ta 2016 a Augusta, Amurka. Shi ke riƙe da kambun, yana gaba da bugu biyar saura ramuka tara. Ya yi asarar bugu ɗaya a na 10, ɗaya a na 11, ya iso na 12 rai a dagule. Wannan ramin gajere ne, yadi 155, na bugu uku, da rafi a gabansa. Ya jefa ƙwallo a ruwa. Ya ajiye wata, ya sake jefa ta a ruwa, wannan karon sandar ma ƙasa ta tona. Ya fita da bakwai. Da yamma, bisa al'adar gasar, shi da hannunsa ya sanya wa Danny Willett koriyar rigar zakara. Shekara uku bayan haka, a wannan ramin dai, huɗu daga cikin 'yan wasan da ke kan gaba suka nufi tutar da aka kafa a gefen dama, ruwa ya cinye ƙwallayensu, ciki har da Francesco Molinari da ke jan ragama. Tiger Woods, yana da shekara 43, ya kau da kai daga tutar, ya aika ƙwallonsa tsakiyar dandali inda ba haɗari, ya gangara sau biyu, ya ɗauki ukunsa ya wuce. Babu wanda ya tafa wa wannan bugu da ƙarfi. Da shi ya kamo na gaba, kuma shi ya ci gasar.

To me za ka yi da tsoron? Kada ka jira ya tafi, ba zai tafi ba, kuma wanda ya ce maka manyan 'yan wasa ba sa jin sa bai san su ba. Greg Norman ya shiga ranar ƙarshe ta Masters a 1996 yana gaba da bugu shida, shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, ya buga 78, Nick Faldo ya buga 67 ya wuce shi da biyar. Idan abin ya iya kama Norman, kai ma zai ziyarce ka. Abin da ya kamata shi ne ka san kamanninsa a jikinka. Zuciya za ta riƙa dukan uku-uku, baki ya bushe, numfashi ya taƙaita ya tsaya a ƙirji, yatsu su damƙe sanda fiye da kima. Sai komai naka ya ƙara sauri ba ka sani ba: tafiya, magana, zaro sanda, ɗaga ta. Sauri kuwa kan haifi nawa. Wani abin da matasa ba su cika lura da shi ba shi ne, a wannan hali ƙwallo kan fi tafiya nisa, domin jini ya hau, ƙarfi ya ƙaru. Sandar da ka saba kaiwa yadi 150 da ita tana iya wuce dandalin. Ka san wannan game da kanka tun kafin ranar, ka rage sanda idan ka ji jikin ya ɗauki zafi.

Maganinsa na kusa ba shi da tsada. Ka ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, sau biyu ko uku kafin ka matso ƙwallo. Ka rage saurin ƙafa da gangan. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba, ka sa dabino ko ayaba a jaka. A zafin watan Afrilu, wanda ya karya da shayi kaɗai ya fita, zuwa rami na 14 yunwa ce ke zaɓa masa sanda, shi kuma yana zargin zuciyarsa.

Sannan ka raba tunani da bugu, ka ba kowanne wurinsa. Pia Nilsson, 'yar Suwidin da ta horar da Annika Sörenstam, ita da abokiyar aikinta Lynn Marriott suna koyar da wata dabara mai sauƙi. Ka ƙaddara akwai layi a ƙasa, taku biyu ko uku bayan ƙwallo. Bayan layin nan ka yi duk lissafinka: nisa nawa ne, iska daga ina take, ina haɗari yake, wace sanda, ina zan sauke ta. Ka yi gardama da mai ɗaukar jakarka a nan idan gardamar ta kama. Amma da zarar ka tsallaka layin, an rufe shawara. Saura kallon inda ka nufa da sakin hannu. Idan kana tsaye a kan ƙwallo wata shakka ta taso, ko wani ya yi tari, ko iska ta juya, ka ja da baya ka koma bayan layi ka sake farawa. Babu kunya a ciki. Bugun da aka yi da zuciya biyu, rabi na son sanda ta bakwai rabi na son ta takwas, ba ya zuwa inda ko ɗayansu za ta kai shi. Sai dai kada ka mai da wannan dalilin jan lokaci. Dokokin wasan sun so a yi bugu cikin daƙiƙa 40, kuma tsayuwa mai tsawo a kan ƙwallo ƙofa ce da ake buɗe wa waswasi.

Dalilin rufe shawarar yana da tushe. Sian Beilock, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta yi gwaje-gwaje da masu gangara ƙwallo zuwa rami. Ta gano cewa ɗan koyo yana amfana idan ya mai da hankali kan yadda hannunsa ke tafiya, amma gwani lalacewa yake yi idan aka sa shi bin motsin nasa daki-daki. Ku dubi mace mai lugude a turmi: tana cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba ta kuskure ba. Ka ce mata ta faɗa maka daidai lokacin da take sakin taɓaryar da lokacin da take tafawa, tana yi tana lissafi, ka ga yadda kiɗan zai watse. Matsin gasa abin da yake yi ke nan, yana sa ka koma sa ido a kan abin da jikinka ya riga ya haddace. Gyaran kafaɗa da gwiwar hannu aikin filin atisaye ne. Ranar gasa da bugun da ka zo da shi za ka yi wasa, ko da ka tashi yana ɗan karkata dama. Ka nufi hagu kaɗan ka ci gaba, ka bar gyara sai gobe.

Yanzu ga wurin da na fi so ku riƙe, wato abin da za ka yi bayan ƙwallo ta shiga daji. Fushi zai zo, kuma ban ce ka haɗiye shi ka yi murmushin ƙarya ba. Ka ba shi iyaka. Ka ji haushinka na taku goma, ka yi tsakinka, sannan ka mayar da sanda cikin jaka, ka cire safar hannu, wannan ya zama alamar an rufe babin. Sauran tafiyar ka yi hira da mai ɗaukar jakarka a kan wani abu dabam, ko ka ƙirga itatuwa, ko ka yi tasbihinka. Babu mai iya ɗaure hankalinsa tamau na awa huɗu. Ana kunna shi ne idan an iso ƙwallo, a sassauta idan an bar ta. Da ka iso inda take, tambaya ɗaya ce a gabanka: daga nan, wane bugu ne zan iya yi sau takwas cikin goma? Ɗan sararin da ke tsakanin itatuwa biyu, wanda ka taɓa ratsawa sau ɗaya ranar da kuke wasan banza da abokai, ba ya cikin lissafi. Fitar da ita gefe, ka karɓi asarar bugu ɗaya. Asarar ɗaya ana mayar da ita a rami na gaba ko na gaba da shi. Asarar uku ko huɗu ita ke bin mutum har gida.

Ka kuma daina yi wa kanka hukuncin da ko gwanayen duniya ba za su tsallake ba. A gasannin ƙwararru na Amurka, inda dandali yake sumul, gangarawa daga tazarar ƙafa takwas kusan rabi ne kawai ke shiga. Kai da kake wasa a inda ciyawa ke bushewa da rani, don ka kuskure irin wannan sai ka ce hannunka ya mutu? Akwai kuma wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Devin Pope da Maurice Schweitzer, suka wallafa a 2011, bayan sun duba gangarawa fiye da miliyan biyu da rabi na ƙwararru. Sun tarar cewa daga tazara iri ɗaya, 'yan wasa sun fi jefa ƙwallon da za ta hana su asara a kan wadda za ta ba su riba, har da Tiger Woods. Alhali bugu ɗaya bugu ɗaya ne a kati, ko wane suna aka ba shi. Wato ko manya, sunan da suka laƙaba wa bugu yana canza yadda suke yin sa. Kada ka riƙa gaya wa kanka cewa wannan shi ne bugun rayuwarka. Nisa ne da gangare da ƙarfin hannu, irin wanda ka yi jiya.

Na san nauyin da ke kanku ya bambanta da na waɗannan da nake ambata. Spieth idan ya faɗi, jirgi zai hau ya koma gidansa. Kai kuwa wataƙila kuɗin shiga gasar rance ne, kuɗin mota wani Alhaji ne ya ba ka, sandunan ma na aro ne, kuma a gida an san yau ce ranar. Idan ka tsaya a rami na 16, kuɗin haya da fuskar wanda ya taimake ka duk suna tsaye tare da kai. Ba zan ce ka manta da su ba, don ba zai yiwu ba. Abin da zan ce shi ne ka gama da su tun a gida. Ka zauna daren jajibiri ka amsa wa kanka tambayar da kake gudu: idan ban ci komai ba, me zan yi ranar Litinin, kuma me zan ce wa mai taimakona? Wanda ya riga ya shirya amsar nan ya rage wa tsoron ƙarfi. Ka yi atisayenka, ka yi addu'arka, ka bar wa Allah sakamako da gaske, ba da baki kawai ba. Kuma kada ka fara raba kuɗin kyauta a zuci tun kana rami na 12. Wanda ya fara tsara jawabin godiya a tsakiyar fili ya bar ƙwallonsa ba mai tsaro.

Ka saba wa kanka da matsi tun a atisaye. Earl Woods yakan kaɗa tsabar kuɗi a aljihu ko ya yar da jaka daidai lokacin da ɗansa Tiger ke ɗaga sanda, don yaron ya koyi bugu cikin damuwa. Kai ma ka ƙirƙiro naka. Ka jera ƙwallo goma a tazarar mita ɗaya, ka ce ba za ka tafi gida ba sai sun shiga a jere. Idan ta tara ta kuskure, a koma farko. Abin da za ka ji a ƙwallo ta goma, magariba na gabatowa, ɗan'uwan abin da za ka ji ranar gasa ne. Zuba ƙwallo ɗari kana dukansu da sanda ɗaya ba tare da ka nufi komai ba motsa jiki ne kawai.

Idan kuma duk da haka ranar ta zo ka rushe a gaban jama'a, to ka shiga sahun mutanen kirki. Rory McIlroy, ɗan Ailan ta Arewa, yana da shekara 21 ya shiga ranar ƙarshe ta Masters a 2011 yana gaba da huɗu, ya buga 80. Bayan wata biyu ya ci US Open da tazarar bugu takwas. Bernhard Langer na Jamus ya kuskure gangarawar kusan mita biyu da ta sa Turai ta rasa kofin Ryder a 1991, mako na gaba ya ci gasa a ƙasarsu. Amma ranar da ta fi koyar da ni ita ce ta McIlroy a Masters ta 2025, domin ba wasa mai tsafta ya yi ba. Ya zubar da bugu biyu a ramin farko. A na 13 ya jefa ƙwallo a rafi daga ɗan gajeren nisa, ya sake zubar da biyu. A na 18 ya kuskure gangarawar da za ta ba shi kambun kai tsaye. Kowanne cikin ukun nan ya isa ya karya mutum, balle wanda ya shekara 11 bai ci babbar gasa ba. Bayan kowanne sai ya dawo ya yi bugu na gaba da cikakken hankali, har ya doke Justin Rose a ramin raba gardama, ya zama mutum na shida da ya haɗa manyan gasanni huɗu na maza.

Saura aiki ɗaya, wanda ake yi bayan an ajiye sanda. A golf wani ne ke rubuta maka kati, kai kuma ka duba ka sa hannu, kuma abin da ka sa wa hannu ya hau kanka. Idan ka fito daga rami na 18, ko murna ce ta cika ka ko baƙin ciki, ka nemi kujera ka zauna, ka bi katin rami bayan rami da yatsa kafin ka taɓa biro. Ranar 14 ga Afrilu, 1968, ranar da ya cika shekara 45, Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ya buga 65 a zagayen ƙarshe na Masters, abin da ya isa ya kai shi raba gardama da Bob Goalby. Abokin wasansa Tommy Aaron ya rubuta masa 4 a rami na 17, inda ya yi 3 a gaban dubban mutane. De Vicenzo, ransa na kan bugun da ya zubar a rami na ƙarshe, ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce adadin da ya fi yawa shi zai zauna. Aka rubuta masa 66, aka ba Goalby rigar.